Dogaro ga Kariyar Allah a Tarihin Kiristocin Damagaram da Maraɗi

Kiristoci ba su kai kashi 2 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, kuma a ƙasar Damargu, inda manoman Gangara da Tanut suke rataya abincin shekara a kan damina guda, adadinsu ya fi haka ƙanƙanta. Duk da haka tarihinsu ya nuna wata fahimta ta musamman game da kariyar Allah, wadda aka gina a cikin cuta da yunwa da tarzoma.

Tushen wannan fahimta yana komawa ga ƙungiyar mishan ta SIM, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka soma a 1893 bisa tsarin mishan na bangaskiya, wato fita wa'azi ba tare da tabbataccen albashi ba, da amincewa cewa Allah zai biya bukata. Gowans da Kent sun rasu a Najeriya a 1894, Bingham kuwa sai a yunƙuri na uku tawagar da ya aika ta kafa tasha a Patigi a 1902. Don haka lokacin da ƙungiyar ta iso Damagaram a 1924, daga baya kuma Tsibiri kusa da Maraɗi, ta zo da koyarwar cewa kariyar Allah ba alkawarin tsira daga wahala ba ce, alkawari ne cewa ba zai yashe bawansa a cikinta ba. Fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta ba masu bi damar karanta Zabura da labarin Ayuba da harshensu, su kuma auna ƙuncinsu da su.

Wannan dogaro bai taɓa zama naɗe hannu ba, domin shi ne ya haifar da asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956. A farin shekarun 1980 ma, Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sarewa a gonaki suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, sai ya shiga koya wa manoma sassaben zamani, wato a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi daga tohon kalgo ko sabara a bar su, a datse sauran, har su zama itace. A yunwar 1984 an haɗa wannan aiki da rabon abinci, Musulmi da Kirista suka amfana tare.

Gwaji mafi tsanani ya zo ranar Juma'a, 16 ga Janairu 2015, lokacin da zanga-zangar ƙin zanen ɓatanci na mujallar Charlie Hebdo ta rikiɗe zuwa ƙone majami'u a Damagaram, washegari kuma a Yamai, aka rasa rayuka goma. Ɗaruruwan Kiristoci sun fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a gidajensu. Shugabannin majami'u sun yi kira ga gafara maimakon ramuwa, masu bi suka ci gaba da sujada a cikin gine-ginen da suka ƙone kafin a sake gina su. A fahimtarsu, Allah yana tsare mutum ta hannun likita da manomi da maƙwabci, kuma wanda aka tsare ta wannan hanya wajibi ne ya zama mafaka ga wani.