Yadda Ramukan Kuza Suka Zama Lambuna a Rayfield

Yaranmu da yawa suna ganin tafkunan Rayfield kamar haka Allah Ya halicce su. A'a, ramukan kuza ne.

Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka fara haƙar kuza a tsaunukan Jos, Rayfield kuma ta zama mazaunin manyan Turawansu. Kakanninmu sun zo leburanci daga Kano, Katsina, Zariya da Sakkwato, wasu da ƙafa, wasu a jirgin ƙasan da ya haɗa Zariya da Bukur a 1914. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har tilasta wa mutane zuwa aka yi.

Kuza ta yi ta ja da baya har kasuwarta ta rushe a duniya a 1985. Aka bar ramuka cike da ruwa da ƙasa mara albarka. Amma dama tun zamanin Turawa iyayenmu na noman rani a gefen ramukan. Sukan karɓi aro ko hayar ɗan fili daga 'yan'uwanmu Birom, su yanka shi fangali-fangali, su ɗebo ruwa da jigo, kafin injin ban ruwa ya yawaita. Ƙasar da ta mutu kuwa, da tokar juji da kashin kaji da na shanu suka raya ta. A fangali ɗaya sai ka ga latas da karas da kabeji. Kafin a cire wannan, wancan ya taso. Da haka ɗan fili ya ciyar da gida, ya kai kaya kasuwar Farin Gada.

Yau gine-gine na cinye filayen. Rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 sun raunana amanar da ke tsakanin mai fili da mai lambu, alhali a kanta komai ya ginu. Juji ma ya cika da leda da batir, dole a tace kafin a zuba.

Dattawan da suka san wannan aiki suna ƙarewa. Mu zauna da su mu koya, mu shuka ko da a buhu ne a tsakar gida, mu kuma gyara zumunci da maƙwabtanmu.

Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya zaunar da Filato lafiya.