Balarabe Musa: gwamnan da ya yi mulki ba kwamishina, ya koma gona

Makon jiya a wurin mai shayi a nan Karmo gardama ta kaure tsakanin wani dattijo mai sayar da hatsi da samari biyu 'yan acaɓa. Dattijon ya ce a ƙasar nan an taɓa yin gwamnan da aka tsige shi ba tare da talakawansa sun yarda ɓarawo ne ba. Samarin suka ce tatsuniya ce. Da ya ambaci sunan Balarabe Musa sai ɗayansu ya ce, "Baba, ba shi ne tsohon nan da ke yawan sukar gwamnati a rediyo ba?" Wannan tambayar ce ta sa na zauna na rubuta wannan, musamman saboda yaranmu da aka haifa a Sabon Ibadan ko Agege ko Shagamu, waɗanda Kaduna ma a labari suke jin ta.

Asalinsa

An haifi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ranar 21 ga Agusta, 1936 a garin Kaya, ƙasar Zazzau, cikin ƙaramar hukumar Giwa ta yanzu. Ya yi makarantar Midil ta Zariya daga 1947 zuwa 1952, sannan ya shiga makarantar koyon aikin mulki da ke Zariya. Ya yi aikin akawu, ya yi malanta, daga baya ya karanci aikin akanta a Landan. Ya dawo ya riƙe lissafin kuɗi a ma'aikatu, ciki har da kamfanin rediyo da talbijin na Arewa da ke Kaduna. Tun yana saurayi ra'ayinsa na NEPU ne, jam'iyyar Malam Aminu Kano, a lokacin da zama ɗan NEPU kan iya kai mutum gidan yari ko ya raba shi da aikinsa. Da ya bar aikin albashi a shekarun 1970, noma ya kama.

Zaɓen 1979

Da soja suka buɗe fagen siyasa, sai ya shiga PRP, mai alamar mabuɗi, ya tsaya takarar gwamnan Kaduna. A tuna Kaduna ta wancan lokaci ta haɗa da Katsina da Daura da Funtuwa, don sai 1987 aka cire jihar Katsina. Abokin karawarsa shi ne Alhaji Lawal Kaita na NPN, kuma mutane da yawa sun ɗauka an gama magana. Sai ga shi Balarabe ya ci. Aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, 1979.

Amma an ba shi doki ne ba linzami. Majalisar jiha tana da kujeru 99, kuma NPN ce ke da kusan kashi biyu cikin uku. Tsarin mulki ya ce sai majalisa ta amince kafin gwamna ya naɗa kwamishina. Ya aika sunaye, suka ƙi. Ya sake aikawa, suka sake ƙi. Abin da NPN ke so shi ne a dama da ita a gwamnati, shi kuma ya ce mutane sun zaɓe shi ne don ya yi tsarin PRP, ba zai haɗa gwamnati da waɗanda ya zo ya kawar da tsarinsu ba. Haka ya yi mulkinsa gaba ɗaya ba kwamishina ko ɗaya, yana aiki da manyan sakatarori da masu ba da shawara. Sakataren gwamnatinsa shi ne Dakta Yusufu Bala Usman, masanin tarihin nan na Jami'ar Ahmadu Bello.

Haraji da jangali

A nan ne labarin ya shafe mu mazauna kudu. Wanda bai ga zamanin haraji ba, ba zai gane ba. Haraji kuɗi ne da ake ɗora wa kowane baligi, ko gonarsa ta yi kyau ko fari ya cinye ta. Jangali kuma a kan kowace saniya ake biya. Dagaci da mai unguwa ne ke tarawa, kuma lokacin karɓa kan zo daidai da kaka, sa'ad da hatsi ke da araha. Sai manomi ya sayar da gero da dawa a wulaƙance ya biya, damina ta yi ya koma sayen hatsin da tsada ko ya ci bashi. Wanda ya kasa biya ya san dogari, ya san shanya a rana. Ku tambayi tsofaffin zangonku: da yawa daga masu zuwa cin rani kudu a wancan zamani kuɗin haraji suke zuwa nema, wasu kuma daga nan ba su koma ba.

Da hawansa mulki, Balarabe ya soke haraji da jangali a Kaduna, Alhaji Abubakar Rimi ma ya yi haka a Kano. Masu adawa suka ce za a talauta ƙananan hukumomi a kuma zubar da girman sarakuna. Amma abin ya karɓu a ƙauye har sauran jihohin Arewa suka ga ba su da mafita sai su bi. Ya kuma kafa hukumar binciken filaye, wadda ta zaga jihar tana sauraron manoman da aka ƙwace wa gonaki. Sannan ya ɗauko tsarin kafa ƙananan masana'antu a yankunan da ake noma abin da za su sarrafa, irin na tumatir a Ikara da na citta a Kachia. Duk mai kawo tumatir Mile 12 ya ga yadda kwanduna ke ruɓewa a hanya ya san me mutumin ya hango.

Tsigewa

Ana cikin haka PRP ta dare gida biyu: 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam Aminu, da 'yan Santsi, wato ɓangaren gwamnonin biyu. Wannan ya ƙara raunana shi. Majalisa ta jero masa tuhume-tuhume, ta kafa kwamiti, ranar 23 ga Yuni, 1981 ta tsige shi. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin Najeriya. Ya je kotu, kotu ta ce tsarin mulkin 1979 ya hana ta sa baki a maganar tsigewa. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, ya hau kujerar.

Ni a ganina akwai taurin kai a lamarin. Da ya ba da kujera biyu ko uku, wataƙila da ya cika shekara huɗu, masana'antun nan sun tsaya da ƙafarsu. Na taɓa faɗin haka a gaban wani tsohon ɗan PRP, ya harare ni ya ce, "Yaro, da ya ba su, da yau ba ka san sunansa ba." Ban sami amsar ba shi ba.

Bayan mulki

Bai sake riƙe muƙamin gwamnati ba. Ya zauna a Kaduna ya ci gaba da noma da kiwo, kuma da manomi yake kiran kansa idan 'yan jarida suka tambaye shi sana'arsa. Mun saba ganin manya suna sayen gona bayan sun sauka don su sami inda za su ce kuɗinsu ya fito. Shi gonarsa ta riga kujerarsa.

Siyasa kuwa bai bar ta ba. A Jamhuriya ta Huɗu hukumar zaɓe ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri kan rajistar jam'iyyu. Shi da wasu, ciki har da lauya Gani Fawehinmi, suka kai ƙara, a ƙarshen 2002 Kotun Ƙoli ta rushe yawancin sharuɗɗan. Shari'ar da sunansa aka san ta, kuma ita ta sa jam'iyyu suka kai 30 a zaɓen 2003. A zaɓen ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP, bai kai labari ba. Ya shugabanci CNPP, gamayyar jam'iyyun siyasa, shekaru da dama, kuma babu shugaban da ya tsira daga bakinsa, daga Obasanjo har Buhari. A 2018 ya sauka daga shugabancin PRP saboda tsufa da rashin lafiya, Alhaji Falalu Bello ya karɓa.

Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna ranar 11 ga Nuwamba, 2020, yana da shekara 84. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.