Yis

yis (suna, namiji, aro daga Ingilishi, wasu kan ce yisti). Ƙwayar halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ke cin sukarin da ke cikin kwaɓi tana fitar da iska, har kwaɓin ya tashi. Da shi ake yin burodi, fanke, alkubus da waina. Louis Pasteur na Faransa ya nuna a 1857 cewa halittu masu rai ne ke haddasa irin wannan tsami da kumburi.

Da yake mai rai ne, yana son a lallaɓa shi. A jiƙa shi da ruwa mai ɗumi da ɗan sukari. In bayan minti 10 kumfa ta taso, lafiyarsa lau. Ruwan zafi kashe shi yake yi. Nan mai yin burodin ots (wani irin hatsi) a gida kan yi asara: ta jiƙa ots da tafasasshen ruwa, ta zuba yis bai huce ba, kwaɓi ya kwanta. Ots kaɗai ma ba ya riƙe iskar, sai an haɗa da fulawa mai yawa.

*Misali:* "Yaya, rufe kwaɓin da tsumma, yis bai gama aikinsa ba."