Fredi Washington, wadda hasken fatarta ya zame mata tarko

An haifi Fredi Washington a Savannah ta Amurka a 1903, zamanin da ɗigon jinin Afirka ya isa a lissafa mutum cikin baƙaƙe. Ita kuwa fara ce sol. A fim ɗin The Emperor Jones na 1933 sai da aka shafa mata baƙi, kada ƴan kallo su zaci Paul Robeson na soyayya da Baturiya. A 1934 ta fito a Imitation of Life a matsayin Peola, budurwar da ta guji uwarta domin Turawa su karɓe ta. An ba ta shawarar ta bi sahun Peola a zahiri, ta ƙi. Hollywood ta rasa inda za ta sa ta: haskenta ya yi wa rawar ƴar aiki yawa, ƙa'idar Hays kuma ta hana ta fitowa masoyiyar Bature. Fim ɗinta na ƙarshe ya fito a 1937.