Sai Masu Gida: Waiwaye a Kan Tarihin Ƙungiyar Kano Pillars

Duk wanda ya taɓa sauraron sharhin wasan ƙwallon ƙafa daga gidajen rediyon Kano ya san kirarin nan na "Sai Masu Gida". Da shi magoya bayan Kano Pillars ke tarbar ƴan wasansu, da shi kuma suke gargaɗin baƙi cewa sun shigo inda ba a fita da dariya. Kirari ne gajere, amma akwai tambaya a cikinsa: gidan nan, na wane ne? Na wanda ya zuba kuɗi, ko na hukumar da ke biyan albashi, ko na talakan da ya bar rumfarsa a kasuwa ya sha rana a bakin ƙofar fili? Wannan maƙala za ta bi tarihin ƙungiyar tun daga tushe, domin amsar tambayar ta shafi kowace ƙungiya tamu, ta wasa ce ko ta al'adu, a Kano take ko a ƙasar Kurfai.

Kafin a san Pillars

Tamaula ta shigo Kano ne ta hanyoyin da boko da jirgin ƙasa suka bi. Layin dogo ya iso birnin a 1911, kamfanonin sayen gyaɗa da fatu suka biyo shi, kuma a cikin ma'aikatansu da ɗaliban makarantu wasan ya fara kafuwa. A 1945 aka buɗe gasar Kofin Gwamna a Legas, ƙungiyoyin Legas ɗin suka riƙa juya shi a tsakaninsu har shekara takwas. A 1953 zaɓaɓɓun ƴan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos da ci biyu da ɗaya, kofin ya bar bakin teku a karo na farko, ya yiwo arewa.

Sunan da ya fi tashe bayan haka shi ne Raccah Rovers. Asalin sunan na gidan kasuwancin Saul Raccah ne, wani Bayahude mutumin Tarabulus da ya yi ƙarfi a cinikin gyaɗa a Kano zamanin Turawa. A 1978 Raccah Rovers ta zama zakarar Najeriya, kuma a wannan shekara ce ta kara da Fluminense ta Birazil a Kaduna, wasan da Pele da kansa ya shiga fili. To amma kafin shekarun 1980 su ƙare, sunanta ya ɓace daga jerin manyan ƙungiyoyi. Ba ita kaɗai abin ya ci ba. Leventis United ta Ibadan, wadda ta ci gasar ƙasa a 1986, da Abiola Babes ta Abekuta, wadda ta ɗauki kofin ƙalubale a 1985 da 1987, duk an rushe su suna tsakiyar ƙarfinsu, da masu su suka janye hannu. Babu wadda rashin nasara ta kashe a cikin biyun nan. Aljihu ɗaya suka dogara da shi, da aka ɗaure bakinsa sai numfashi ya tsaya.

Haihuwar ƙungiyar

A 1990 Najeriya ta buɗe gasar ƙwararru, wato ta ƴan wasan da tamaula ce sana'arsu. Don kada a bar Kano a baya, aka haɗe ƙungiyoyi uku na birnin: WRECA, ta hukumar ruwa da gina madatsu ta jihar, Bank of the North, ta bankin nan na Arewa, da Kano Golden Stars. Daga haɗakar aka sami Kano Pillars, wato ginshiƙan Kano. Cikin waɗanda suka tsaya a kan lamarin akwai Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya daga 2002 zuwa 2006.

Abin lura a nan shi ne hannun da aka damƙa wa jaririyar: gwamnatin jihar Kano ce ta zama uwa da uba. Idan aka dubi abin da ya biyo baya, za a ce dabarar ta yi rana. Bankin Arewa kansa ya narke a cikin Unity Bank a 2006. Da a ce shi ke riƙe da ƙungiyar, wataƙila da ta bi sahun Raccah. Gwamnati kuwa ba ta karyewa irin ta ɗan kasuwa. Sai dai ita ma inuwar tata tana da nata sharaɗi, kamar yadda za mu gani.

Shekarun ɗaukaka

Sai da Pillars ta shekara goma sha takwas kafin ta ɗauki kofin gasar ƙasa, a 2008, ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana. Wannan nasara ta buɗe mata ƙofar gasar zakarun Afirka ta 2009, inda ƙuri'a ta haɗa ta da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin a lokacin. Aka tashi ɗaya da ɗaya a wasan farko, kowa ya ɗauka zance ya ƙare. A Alƙahira sai aka tashi biyu da biyu, kuma bisa ƙa'idar wancan zamani ta fifita ƙwallon da aka ci a gidan abokin karawa, Pillars ta wuce, Al Ahly ta fita. Daga nan ta shiga rukuni tare da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ta fito zuwa wasan kusa da na ƙarshe. A nan ƴar'uwarta ta gida, Heartland ta Owerri, ta tare ta da ci biyar da nema a wasa biyu.

A kakar 2009 zuwa 2010 wani matashi haifaffen Jos, Ahmed Musa, ya ci wa ƙungiyar ƙwallo 18, abin da ya kai shi Holan, daga can Rasha da Ingila, har ya zura ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya ta 2014 da ta 2018. Shi ya tafi, Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, ya zauna, ya zama ƙashin bayan tawagar da ta ci gasar ƙasa sau uku a jere: 2012, 2013 da 2014. Ya kamata mai karatu ya tuna irin shekarun da waɗannan suke. Ranar 20 ga Janairun 2012 hare-haren Boko Haram suka hallaka fiye da mutum 180 a Kano, birnin ya shiga dokar hana fita da shingayen jami'an tsaro. A cikin wannan ƙunci Pillars ta zama ɗaya daga cikin ƴan abubuwan da suka rage na faranta ran Kanawa.

Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya tabbatar da kirarin. Daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015 babu baƙon da ya ci Pillars a gidanta a gasar ƙasa, wasa fiye da 200, sai da Nasarawa United ta zo ta karya lagon da ci biyu da ɗaya. Shekarar ta 2015 dama da ɗaci ta fara: a watan Maris ƴan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, ƴan wasa biyar suka ji raunin harsashi, ciki har da Gambo Muhammad.

Faɗuwa da tashi

A wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018, a Asaba, Pillars ta sha gaban Enugu Rangers da ci uku da nema, sai ga shi an farke su duka, aka kuma doke ta a bugun fenareti. Ta share hawayenta a 2019, da ta ɗauki kofin a Kaduna bayan ta rinjayi Niger Tornadoes, shi ma a fenareti.

Daga nan gida ya fara kuɓucewa. A 2020 aka mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar korona, ƙungiyar ta daɗe tana karɓar baƙinta a Kaduna. Da ta dawo Kano a watan Afrilun 2022, wasu daga cikin magoya bayanta suka farfasa motar Katsina United. Hukumar gasa ta ci ta tara, ta rage mata maki, ta kora ta Abuja. A ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu. Ta hauro a 2023, Ahmed Musa ya sake sa rigarta a 2024, a 2025 kuma gwamnatin jihar ta naɗa shi babban manaja. A watan Oktoba na shekarar, bayan wasa da Shooting Stars, ƴan kallo suka sake afka wa fili, aka sake rage maki, aka mayar da wasanninta Katsina.

A nan ne tambayar farko ke dawowa. Magoya bayan Pillars suna kiran kansu masu gida, amma ba su da ƙuri'a a zaɓen shugabanninta, ba a karanta musu lissafin kuɗinta. Gwamna ke naɗawa, gwamna ke saukewa. Wannan ba uzuri ba ne ga mai jifa ko mai fasa gilashi. Amma wanda aka bar wa ihu kaɗai a matsayin rabonsa, da wuya ya riƙa lissafin asarar da fushinsa zai jawo, tun da ba daga aljihunsa za a biya tarar ba.

Darasi daga nesa

Amurkawa suna da nasu wasan da suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake da hannu aka fi yin sa, kuma babbar gasarsu, NFL, da kaka ake buga ta. A 1983 wasu attajirai suka fara wata gasa, USFL, suka zaɓi lokacin bazara don kada su yi karo da giwa. Gwarzuwar gasar ita ce Philadelphia Stars: ta ci wasa 41 cikin 54 a shekara uku, ta je wasan ƙarshe sau uku, ta ɗauki kofi a 1984 da 1985. Amma da masu ƙungiyoyin, bisa matsin Donald Trump mai New Jersey Generals, suka yanke shawarar komawa kaka, Stars ta rasa filinta, ta ɗauki sunan Baltimore. Suka kai NFL ƙara. A 1986 kotu ta ba su gaskiya, amma diyyar dala ɗaya tak, wadda doka ta ninka zuwa uku. Gasar ta mutu, zakarar ta mutu tare da ita, ba a tambayi ɗan kallo ko ɗaya ba. A ƙasar dai akwai Green Bay Packers, ta wani gari mai mutum dubu ɗari da ɗoriya, wadda tun 1923 jama'a ke da hannun jarinta. Ta haura shekara ɗari, kuma babu attajirin da ke da ikon ɗauke ta zuwa wani birni.

Mu dawo gida

A Nijar ma zancen bai sha bamban ba. Sahel da Olympic na Yamai daga ƙungiyoyin unguwa suka tsiro. Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakara a 1983, Espoir ta Damagaram a 1984. Amma daga 2010 zuwa 2024 kusan duk kofunan gasar ƙasa sun tafi ne ga ƙungiyoyin soja, da gardi, da duwan, da jandarma, da kamfanonin gwamnati irin su SONIDEP da NIGELEC. Suna da albashi da motar tafiya, sai dai babu wani gari da zai bugi ƙirji ya ce tasa ce.

Tarihin Kano ya nuna iyayen gida iri biyu da iyakar kowanne. Ɗan kasuwa yana kawo ɗaukaka da sauri, ya tafi da ita ranar da ya gaji. Gwamnati tana hana mutuwa, amma tana mayar da jama'a ƴan kallo a gidansu. Na ukun, wato jama'a da kansu, shi ne ba a gwada sosai ba, alhali ba baƙon abu ba ne a wurinmu: mutanen da suka san gayya da adashi ba sa bukatar a koya musu tara ƙarfi.

Saboda haka, malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyi na Filinge da Damana da sauran garuruwan yankin, waɗanda a hannunsu wasannin samari na lokacin hutu suke, suna da abin ɗauka a nan. Ƙungiyar da ɗan siyasa ya saya wa riguna gab da zaɓe, ranta bai wuce na zaɓen ba, domin zanen aro ba ya rufe katara. Wadda ke da littafin sunayen mambobi, da ɗan kuɗin wata komai ƙanƙantarsa, da taron shekara inda ma'aji zai tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ita ce za ta rayu bayan waɗanda suka kafa ta. A kuma samu mai rubuta tarihinta: ranar kafawa, sunayen ƴan wasa, sakamakon kowace karawa. Raccah Rovers ta kai ga karawa da Pele, amma yau mafi yawan labarinta a bakin dattawa ya rage, kuma dattawan suna ta yin ƙaranci.