Aikin gini a Japan: abin da ya kamata samarinmu su sani

Masu saurare, samarin Mayahi da Tasawa sun saba da tafiya ci-rani aikin gini a Libiya, Aljeriya ko Najeriya. To, Japan ma tana ɗaukar baƙin magina, saboda jama'arta na tsufa, amma ba a shigarta sai ta ƙa'ida.

Hanya ta farko ita ce shirin koyon sana'a da aka kafa a 1993. Mutum na iya yin shekara 5, sai dai galibi ba ya da damar canza ubangida. Da yawa sukan isa can da bashin dillalai a wuya. Ta biyu bizar ƙwararru ce ta 2019, wadda ke buƙatar cin jarrabawar yaren Japan da ta sana'a. A 2024 majalisar ƙasar ta amince da sabon tsari da zai maye gurbin na farko a 2027. Akasarin ma'aikatan 'yan Asiya ne, musamman Biyetnam da Indonesiya.

A watan Agusta 2025 labari ya bazu cewa za a ba 'yan Najeriya biza ta musamman zuwa garin Kisarazu. Gwamnatin Japan ta ƙaryata, kuma hukumar JICA ta janye shirin a watan Satumba.

Don haka jama'a, kar wani ya saida gona ko bisashe ya miƙa wa dillali kuɗi. Biza ofishin jakadanci ke ba da ita.