Tsohon Mangwaron Arewacin Togo

Duk wanda ya bi hanyar Sokode zuwa Dapaong a watan Afrilu zai ga mata a bakin titi da kwanoni cike da ƙananan mangwaro rawaya, masu yawan zare. Da yawa suna tsammani itacen nan gadon kakanninmu ne tun fil azal. Amma baƙo ne.

Asalinsa daga ƙasashen Indiya da Bama ne, inda aka yi dubban shekaru ana nomansa. Jiragen ruwan Fotugis suna cikin waɗanda suka yaɗa shi zuwa gaɓar Afirka, sai a ƙarni na 19 ya soma yawaita a Afirka ta Yamma. Fataken Hausawa na dā, waɗanda suka riƙa yada zango a Didaure a kan hanyarsu ta sayen goro a Gwanja, sun fi sanin inuwar rimi da tsamiya.

Jamusawa sun kama Togo a 1884, suka kafa bariki a Sokode wajen ƙarshen ƙarnin. A zamaninsu aka dasa itatuwa jere-jere a gefen hanyoyi, har da mangwaro, galibi da aikin tilas. Mulkinsu ya ƙare a 1914, amma itacen ya zauna, ya bazu har ƙasar Moba.

Me ya sa ya daɗe haka? Idan aka shuka ƙwallonsa, yakan fito da halin uwarsa sak, ba sai an yi masa aure ba. Yana jure fari. Yana kuma nuna da bazara, daidai lokacin da hatsi ya ja baya a rumbu, yara su samu abin riƙe ciki.

Daga baya aka kawo masu aure, irin su Kent da Keitt daga Florida ta Amurka. Sun fi tsoka, sun fi kuɗi a kasuwa, har wasu suna sare tsofaffin itatuwa su yi gawayi. Amma mai lambu ya san cewa a jikin dashen tsohon iri ake ɗaura reshen sabon. Idan ya ƙare, a kan me za a ɗaura?

Hausawa sukan ce a yar da ƙwallon mangwaro a huta da ƙuda. Wannan ƙwallon kam, ya mai karatu, gara a binne shi a bayan gida, a ba shi ruwa.